Waɗanda Aka Ɗauko a Kujera

Mota ba ta shiga lungunmu na Ƙofar Galadima. Da Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki, yayyena biyu ne suka ɗauke shi a kujerar roba har bakin titi, aka kai shi asibiti wajen gashin ƙashi. Daga ranar ya ce ba za a sake ba. Mutumin da ake durƙusa wa a lungun nan ba zai yarda a wuce da shi kamar buhun masara ba. Likita kuwa ya ce in aka bar ƙafar haka, ta tafi ke nan. Na yi lallashi, na yi fushi, Baba ko gezau.

Wata rana bayan la'asar ina zaune kusa da shi ina latsa waya, sai ga bidiyon kumbon da ya dawo daga tashar sararin samaniya. Ya sauko da lema a wani fili, ya ƙone ƙurmus kamar gindin tukunya. Aka zaro mutanen ciki, aka ɗora kowa a kujera, ƙarti suka ɗauka. Na miƙa masa.

"Uwata," haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa na ci, "hatsari suka yi?"

"A'a Baba, haka ake saukowa. Iska ce ke ƙona shi."

"Iskar da ake fifita a ji sanyi?"

Ni ma nan kaina ya ɗaure. Na ce gudu ne ya yi yawa, ya ce shi bai taɓa jin gudu ya toya babur ba.

"To me ya karya su?"

"Ba su karye ba. Sun daɗe ba su taka ƙasa ba ne."

"Ga su kuma suna dariya. Ba sa jin kunya?"

Ya sa na maimaita masa wurin, yana kallon ƙafafunsu suna reto, ni ina kallon tasa, tausayinsa ya cika ni.

"Daga baya suna tafiya?"

"Suna yi, Baba. Sai dai ana koya musu."

Ya miƙo mini wayar, ya dube ni.

"Ni fa?"

Ban sani ba, kuma ban iya yi masa ƙarya ba. Na ce, "Wannan sai mun je."

Ya juya kai bango, ya ce, "Ki ce wa yayyenki su nemo kujera mai ƙwari. Waccan ƙafarta rawa take yi."