Nea Ilarie, Mai Zaɓa wa Ƙarfe Wurin Karyewa

Kafin ƙararrawar coci ta buga da safe, Nea Ilarie Bârsan (Nea kamar Baba ne a wurinmu) ya riga ya buɗe garejinsa da ke bakin rafi a ƙauyenmu na Râpeni. Yakan hura wuta, ya ɗora gahawa, ya yanko sauran tuwon masarar jiya da cuku ya ci a tsaye, sannan ya kunna injin sassaƙar ƙarfensa wanda ya girmi rabin masu kawo masa aiki. A ƙarshen kakar nan zai rufe ƙofar. Hannunsa na dama ya fara rawa, shi kuwa ya ce hannu mai rawa ba zai taɓa ƙarfen da ran mutum ya rataya a kansa ba. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, don mun daɗe muna cin moriyar mutumin nan ba mu taɓa buɗe baki mun gode ba.

Mu mutanen tsaunukan Apuseni, in dai a kan mota ne, ba mu da hankali. Ranar Lahadi sai ka ga magidanci da furfurarsa ya ɗora tsohuwar mota a kan dutsen da akuya ma sai ta yi shawara. Abin da ke shan wahalar wannan hauka shi ne shaf ɗin gaba, sandar ƙarfen da ke kai ƙarfin inji zuwa tayar gaba. Shaf ɗin nan kaɗai Nea Ilarie yake ƙerawa. Sai dai yana da wata ɗabi'a da ta jawo masa surutu. In ya gasa shaf ya tsoma shi a mai, sai ya yanka masa siririn zobe can wajen bakin taya, nesa da gwiwar da sitiyari ke juyawa. Da gangan yake raunana wurin.

"Nea, kai kaɗai ne maƙerin da ke sayar da ƙarfe da ajalinsa a jiki," in ji direbobi, suna dariya.

"Kowane ƙarfe zai karye, ɗana," yake ce musu. "Ni dai wuri na zaɓa masa. In ya fashe a gwiwa, gutsattsarin za su cije sitiyari, kai kuma kana bakin rami. Sai ka yi dariyar a can ƙasa."

Suka laƙaba masa Ilarie Ƙaras, wato ƙarar karyewar ƙarfe. Da yawa suka kwashe aikinsu suka kai birni. Abin ya yi masa ciwo, matarsa Lenuța ta shaida, amma bai taɓa fitar da shaf ko ɗaya ba tare da zoben ba.

Duk wanda ya halarci gasar motoci ta Kwazazzabon Kerkeci a shekarar da aka yi ruwa mai yawa ya ga abin da ya faru da Sanda Trifu, likitar dabbobinmu. Tana gaba da kowa. Mijinta Petrișor yana tsaye a ƙasan hawan, yana nuna mata hanya da hannu. Tayarta ta hagu ta maƙale a tsagar dutse, ta taka mai, sai muka ji ƙaras! Motar ta fara zamewa baya. Sanda ta murɗa sitiyari, bayan motar ya karkata ya jingina da bangon dutse, ta tsaya. Gasar dai ta kuɓuce mata.

Da yamma ta faɗo garejin kamar za ta ci mutum, ta wurgar da guntun ƙarfen a gabansa.

"Ga tsiyarka nan, Nea! Saura ƙiris in ci, ka mayar da ni abin dariya!"

Ya ɗauka ya shafa bakin karayar da yatsa. Sumul, kamar an yanka karas.

"Sitiyarin ya juya?"

"Ina ruwan sitiyari da…"

"Tambayarki nake, 'yata. Bayan ya karye, ya juya?"

Petrișor ne ya amsa daga bakin ƙofa, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ya juya, Nea. Da bai juya ba, a kaina za ta sauko."

"To, ku zauna. Lenuța, kawo musu gahawa."

Sanda ba ta ba da haƙuri ba, ba halinta ba ne. Amma da za ta tafi ta sunkuya ta ɗauki guntun ta saka a jaka.

Kai ne, Nea Ilarie, ka yarda a yi maka dariya shekara da shekaru don wasu su koma gida su ci abinci da 'ya'yansu. Kai ne ka san sunanka zai ɓaci duk ranar da ƙarfenka ya yi aikinsa daidai, amma ba ka fasa ba. Maƙerin da ya fi son direba a kan yabon direba! Ina alfahari da cewa ƙauyenmu ɗaya, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Lahadin da ta wuce, bayan an tashi daga coci, motoci suka jero a ƙofar gidansa har bakin gada. Sanda ce a gaba, riƙe da hannun 'yarta da ta haifa bayan waccan gasar. Ta ciro guntun nan, ya yi tsatsa, ta kafa shi a gefen lambunsa. Sai ga kowa ya fito da nasa. Ashe masu kiransa Ƙaras ɗin ma ajiyewa suke yi. Suka yi ta kafawa har layin ya kai gindin itacen tuffa.

"Kun ɓata mini lambu, 'yan banza," in ji shi, ya juya baya yana neman wani abu a aljihun da babu komai a ciki.

Mun gode, Nea. Allah ya ba hannun nan hutu. Ku kuma masu riƙe da sifana a garejojin tsaunin nan, ku koyi yanka zoben tun yana nan yana iya nuna muku wurin, ku kuma koyi jure dariyar. In kuna shakka, ku je ku dubi lambun. Duk wanda ya kafa ƙarfe a wurin ranar nan, da ƙafafunsa ya zo.