Ruwan da Baba Ya Aike Ni

Baba ya ƙare ƙuruciyarsa yana jiƙa fatu a wani kamfanin jima da ke Challawa, kuma ban taɓa jin ya yabi ruwan Kano ba. Na famfo warin magani, na rijiya gishiri, na leda kuwa na 'yan gayu ne. A wurinsa ruwa ɗaya ne a duniya, wanda ke tsattsafowa daga tsagin dutse a bayan ƙauyensu, can wajen Riruwai. Umma takan ce, "Malam, da ruwan nan mutum ne da tuni ka kai shi Makka."

Tun da iyayensa suka rasu bai sake leƙa ƙauyen ba. Kullum sai an samu hutu, hutun da ya samu kuwa na ciwo ne.

Ina aji uku a jami'a ƙungiyarmu ta masu hawan dutse ta shirya tafiya Riruwai. Lokacin tari ya riga ya kwantar da Baba a gidanmu na Sharaɗa, ya rame har wuyan rigarsa na zamewa. Na ce na fasa zuwa.

"Zama za ka yi ka taya ni tarin?" in ji shi. Ya sa Umma ta wanke wata ƙaramar jarka. "In ka wuce tsohon ramin kuza ka ɗaga kai, za ka ga gamji ya fasa dutse ya fito. A gindinsa yake. Ka ciko mini, in jiƙa maƙoshi."

Haka na tafi da jakar goyo, da igiya, da hular kwano, jarka na reto a ƙuguna. Abokan tafiya suka laƙaba mini Mai Garuwa. Ni da ba a taɓa ni in ƙyale, ranar ban tanka ba, ƙafa kawai nake ɗagawa. Duk tsayawar da suka yi ɗaukar hoto ji nake kamar in rufe su da duka.

Gamjin yana kan wani goshin dutse da ba ya hawuwa sai da igiya. Jagoranmu ya ce ba ya cikin hanyarmu. Na ce to su wuce, zan hau ko da farce ne. Ya dube ni, ya dubi jarkar, sannan ya kwance igiyarsa ya fara hawa yana kafa ƙugiya. Na bi shi, tafin hannuna ya saluɓe. Da na leƙa tsagin sai ga ruwan, siriri kamar zare, sanyinsa har cikin haƙori. Na yi dariya ni kaɗai, don tsohon nan bai ƙara gishiri ba.

A cikin duwatsun waya ba ta shiga. Sai washegari da muka sauko bakin titi tawa ta hau ruri. Yayana ne.

"Sai haƙuri," ya ce. "Jiya bayan asuba. Mun neme ka har mun gaji. An kai shi kafin azahar."

Wato lokacin da nake rataye a igiya ana yi masa sutura. Na san gawa ba ta jiran kowa, ni kaina na sha tsayawa a sahun jana'izar da 'ya'yan mamacin ke kan hanya. Amma a motar komawa Kano haushin kowa nake ji: yayana, liman, masu haƙa kabari, har da Baba da ya aike ni.

Na iske tabarmi a ƙofar gida, abokan aikinsa na zaune, wasu ko kayan aiki ba su cire ba. Na wuce ciki. Umma ta dubi ƙuguna.

"Shi ne?"

Na gyaɗa kai.

"Miƙo mini kofin Malam."

Ruwan ya kwana a jarka, ya sha rana a mota, na san ya yi ɗumi ya ɗauki warin roba. Na so in hana ta, sai ta riga ni. Ta yi bismilla ta shanye, ta daɗe riƙe da kofin a cinyarta.

"Allah sarki," ta ce. "Ashe gaskiyar Malam ne."