Rigunan Ƙwarin Bazara

Jiya jikata ta kawo mini ɓawon ƙwaro da ta ɓamɓaro a jikin tsamiya, na ƙwarin nan masu cika kunne da ƙara in rana ta take da bazara. Ina taɓa shi sai kakata ta faɗo mini a rai.

In ƙwarin sun yi saɓa, takan tsinto ɓawon, ta shirya a zaren da ta kaɗa da mazarinta, ta rataya mana a wuya. Takan ce, "Mai riga ya tashi, ya bar mana rigarsa."

Shekarar da mahara suka ƙone rumbunan ƙauyenmu, kusa da Tsanyawa, yunwa ta sa ni kuka da tsakar rana. Kakata ta zaunar da ni a cinyarta, zanenta na warin hayaƙi da baban rini.

"Zura mini ɓawon ƙwarin a zaren nan, 'yar nan. Kafin ki gama, fura ta samu."

Na ce, "Ke fa, Iya?"

"Na sha tawa tun da hantsi."

Kullum haka take cewa, ni kuwa na yarda. Damina ba ta same ta ba. Da mata suka ɗaga ta za su yi mata wanka, na ji wata ta ce, "Wayyo, ba nauyi!" Ina tsaye a bakin ɗaki, abin wuyan a hannuna, ya murƙushe ban sani ba.

Allah Ya jiƙan ki, Iya. Ya ƙosar da ke a inda ba a yunwa.