Kwabon Darar Baba Cindo

Wata rana, a wata majalisar 'yan dara, gardama ta kaure a kan wani baƙin kwabo.

Mai kwabon wani tsoho ne, Baba Cindo. Mutumin da in ya ce maka gari ya waye, gara ka leƙa waje ka gani da idonka. Shi ne fa ya ce ya taɓa marin kura har ta ba shi haƙuri.

Shekara ashirin, duk ranar da ɗan dara ya ɓace, kwabon nan yake sakawa a gurbi. Baƙi ƙirin, ga huda, ga wani rubutu da babu mai iya karantawa. Kullum maganarsa ɗaya: zinare ne, kakansa Jatau ya zo da shi daga Makka, a ƙafa.

Ran nan sai abokin darar tasa, Nomau, ya ce marfin kwalba ne, kuma Jatau ɗin ko Wudil bai taɓa wucewa ba.

Aka kwashe da dariya.

A ce masa maƙaryaci, Cindo ya saba. Amma a taɓa Jatau?

Ya miƙe ya rantse: a je kasuwa yanzu, in ba zinare ba ne, ya daina magana a majalisar nan har ya mutu.

Cindo ba magana! Ai mutum tara ne suka bi shi.

Shi ma fa bai taɓa gwadawa ba. Daga bakin tsohuwarsa kawai ya ji.

Suka samu wani dattijo maƙerin zinare. Ya kanga maganaɗisu, kwabo bai motsa ba. Ya sake shi kan teburi.

Tinnnn...

Ƙarar ta ƙi mutuwa. Har mai ɗinkin da ke gefe ya tsayar da kekensa.

Maƙerin ya goga gefen kwabon a baƙin dutse, ya ɗiga ruwan gwaji. Layin ya tsaya, jawur, kamar hantsi.

Maƙeri ya tashi ya wanke hannu, sannan ya sake ɗauka da hannu biyu. Ya ce dinari ne, kalmar shahada ce a jiki. Hudar nan ma ƙarama aka yi ta, zare ne ya cinye ta a hankali, wuya bayan wuya, Allah kaɗai ya san mutum nawa.

Nomau ya cire hula, bai ma san ya cire ba.

Maƙeri ya dubi Cindo ya ce: "Baba, shekara arba'in ina wannan sana'a, ban taɓa riƙe irinsa ba. Nawa za ka sayar?"

"Sayarwa? Ɗana, kai dai maimaita da ƙarfi. Waɗannan na bayana kurame ne."

Yana faɗa yana dariya, amma sai wani abu ya faɗo masa a rai. Shekara ashirin yana buga kalmar shahada a ƙasa, a gurbin dara.

Har suka koma gida Cindo bai ƙara ko kalma ɗaya ba. Ranar da ya ci gardama, ranar ce ya yi shiru.

Washegari dai ya dawo da zancen kura. Babu wanda ya musa.

Darasi: ko mai ƙarya ɗari yana iya riƙe gaskiya ɗaya a aljihu. Ka gwada kafin ka yi dariya, kuma kar ka taɓa kakan mutum.

Ku tura wa Nomau ɗin majalisarku. In ka duba ba ka ga Nomau ba, to kai ne.