Alkamar da Goggo ta Wanke

Ina tsugune a bakin rijiya ina wanke gwangwanayen gashi, an fito daga sallar azahar ke nan, sai Larai maƙwabciyar goggona ta shigo gidanmu ba sallama. Ranar Asabar ce, farkon shekarar 1988, kuma ita ce ranar da na fara yin kek na sayarwa. Shekaru sun ja, na manta abubuwa da yawa, amma ban manta ƙafafun Larai ba, babu takalmi, duk taɓon bakin kanal, babbar magudanar ruwan noman rani.

Ta ce Goggo ta faɗi a tsakar gida, jikinta yana karkarwa, kumfa na fita ta bakinta. An sa ta a akori-kurar masu tumatir an nufi asibitin Kura. Na tambaye ta me Goggo ta ci. Ta ce ba ta ci komai ba tun safe sai kek ɗin da na kai mata.

Ku da kuke koyon wannan sana'a a hannuna kun sha tambayata dalilin da ya sa ba na karɓar garin da ban ga buhunsa ba. Zan rubuta muku sau ɗaya, domin faɗarsa da baki tana yi mini wuya. Sai na ɗan koma baya.

Na yi shekara huɗu ina aiki a gidan saukar baƙi na ma'aikatan noman rani, a matsayin mataimakiyar kuku. Ba babban matsayi ba ne. Wanke-wanke ne, da fere, da hura wuta. Kukun wani dattijo ne, Baba Ɗanladi, shi ya koya mini kek: yadda ake buga bota da sukari har su yi fari, yadda ake fasa ƙwai ɗaya bayan ɗaya, da yadda ake soka tsinke a gane ko ciki ya gasu. A 1987 aka rage ma'aikata, sunana yana ciki. Na dawo gida da hannu kawai da abin da ke kaina.

Maigidana, Malam Sule, mai kula da ƙofofin ruwa ne. Aikinsa shi ne ya bi kanal a kan babur, ya buɗe wa wannan sashe ruwa ranar da layinsu ya zo, ya rufe wa wancan. Shi ya ce tunda na iya, in gwada a gida. Ba mu da murhun gashi irin na gidan baƙi, saboda haka na yi yadda Baba Ɗanladi ya nuna mini ana yi a ƙauye. A sami babbar tukunya, a zuba yashi wankakke a gindinta, a jera gwangwanayen madara da aka yanke wa baki aka shafa wa mai, a rufe, a sa wuta kaɗan a ƙasa, garwashi a kan murfi. Tukunya ɗaya tana ɗaukar goma sha biyu.

Aikin farko ya zo daga Bunkure. Malama Hajara, matar Alaramma mai makarantar Islamiyya, ta aiko cewa ɗalibansu za su yi walimar sauka, tana son kek ɗari da ashirin a raba wa yara bayan la'asar. Na yi murna, na kuma rasa yadda zan yi, domin a lokacin gwamnati ta hana shigo da alkama daga waje, fulawa ta yi wuyar samu. Malam Sule ya zaga Kura da Garun Malam bai samo ba. Alkamar gonakinmu kuwa tana kore shar, sai nan da wata biyu a yanke.

Goggo Hurera ƙanwar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun ina shekara uku. Gidanta yana ƙetaren kanal, tafiyar minti goma. Ranar Alhamis ta shigo da ƙwarya a ka, an rufe da faifai, ta sauke a gabana. Garin alkama ne, niƙaƙƙe, mai laushi. Na tambaye ta inda ta samo. Ta ce, "Ke dai ki yi abinki. Yaushe kika fara tuhumar uwarki?" Muka yi dariya. Ta ce nata rabon shi ne tukunyar farko, ta sa albarka. Ta kuma ce faifan nan ya yi ƙanƙanta ga farantin mai sana'a, ta riga ta fara saƙa mini babba.

Na ga garin yana da ɗan ja-ja. Na ɗauka haka alkamar gida take, tunda ni farar fulawar kanti na saba gani. Na ji wani ɗan wari kuma, na ce na injin niƙa ne, na ƙara gyaɗar ƙamshi. Ranar Asabar bayan asuba na tankaɗe, na watsa wa kajina dusar a bayan ɗaki. Ina ramuwar azumi a ranar, don haka ko yatsa ban lasa ba. Baba Ɗanladi ya sha gaya mini mai gashi shi ne farkon mai ci. Na san wannan, na tsallake shi.

Tukunyar farko ta fito da hantsi. Na zaɓi huɗu mafiya kyau na kai wa Goggo da kaina, na juyo da sauri saboda wuta. Kafin azahar na gama, Malam Sule ya ɗaure kwali biyu a bayan babur ya kai Bunkure, ya dawo cin abinci. Yana zaure lokacin da Larai ta shigo, ya kuma ji abin da ta ce.

Ya shigo ya tambayi Larai ko ta san inda Goggo ta samo alkamar. Ta ce ta sani mana, ragowar irin da aka ba su na shuka ne, wanda ya rage a randa. Ta ce ita ma ta taya ta wankewa, sau uku, har jan ruwan ya daina fita, suka shanya kwana biyu.

Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya ce, "Irin shuka? Mai jan nan?"

Larai ta ce ai an wanke.

Ga wanda bai san noman rani ba: irin da ake raba wa manoma ana cuɗa shi da maganin ƙwari don kada gara da tsuntsu su cinye shi a ƙasa. Jan launin alama ce kawai da ake sawa don mutane su gane. Ruwa yana ɗauke launin, amma maganin ya riga ya shiga ƙwayar. An rubuta gargaɗi a jikin buhun, da boko. Goggo ba ta karanta boko, buhun ma tuni ta yi shimfiɗar shanya da shi.

Malam Sule ya tambaye ni ina na zuba dusar. Muka zaga bayan ɗaki. Kajina bakwai ne. Biyar suna kwance sun miƙe ƙafa, biyu suna juyi a wuri ɗaya. Larai ta zauna a ƙasa, ta kwance bakin zaninta. Kek ɗaya ne a ƙulle. Goggo ta ci uku ta ba ta ɗaya, ita kuma ta ajiye wa mijinta.

Babur ɗaya ne. Kura tana wannan hannu, Bunkure tana wancan. Na ce ya kai ni wurin Goggo, shi ya wuce Bunkure. Ya ce in ya kai ni Kura ya juyo, la'asar ta yi kafin ya isa. Na ce to ya tafi shi kaɗai, ni zan tsaya a titi in nemi mota. Ya ce kwalayen suna cikin gida wurin mata, shi ba zai shiga ba, in ya tsaya a ƙofa yana aike ana kai da kawowa lokaci zai tafi. Ya ce, "Rakiya, Goggo tana hannun likita. Yaran nan ba su hannun kowa."

Na ɗauki mayafi na hau. Larai ta tafi Kura a madadina.

Mun bi hanyar gefen kanal saboda ta fi kusa. Abin da na tuna shi ne ina kallon inuwarmu a kan ruwa ina auna tsawonta, domin in ta kai wani wuri na san an kusa kiran salla.

Gidan Alaramma cike yake da mata, ana ta kwasar shinkafa. Wata ta gan ni ta ce ga mai kek ta biyo yabo tun ba a ci ba, aka yi dariya. Na wuce su na sami Malama Hajara, na durƙusa, na ce, "Malama, kada a ba kowa. Akwai guba a ciki."

Ta dube ni kamar ba Hausa na yi ba. Na sake faɗa. Sai ta laluba ƙugunta ta ciro mabuɗi. Ashe tun da aka kawo ta kulle kwalayen a ɗakinta, ta ce ta san halin matan biki, in ta bari a fili yara ba za su ga ko ɓurɓushi ba. Matan nan sun yi ta yi mata tsiya a kan rowa tun rana. Wannan rowar ce Allah ya sa ta tsare 'ya'yansu.

Muka zazzage a kan tabarma muka ƙirga. Na san huɗun Goggo ƙari ne, ba sa cikin lissafi, saboda haka ɗari da ashirin ya kamata mu samu. Muka sami ɗari da sha takwas. Muka sake ƙirgawa, haka. Malama ta dafe kai, ta ce ta cire biyu ta aika wa Alaramma zaure. Ta fita a guje ba mayafi, abin da matan suka ce ba su taɓa gani ba. Ta dawo da kwano a rufe. Baƙi ne suka hana shi buɗewa.

Da ta sami numfashi, ta ja ni gefe ta ce za ta gaya wa mutane kek ya ƙone ne, don kada sunana ya ɓaci tun ranar farko. Alheri take nufi, na kuma so in karɓa. Amma na tuna kusan kowane gida a nan yana da ragowar iri a randa, fulawa kuma babu. Na fita tsakar gida na faɗa musu abin da ya faru yadda yake. Wata mata a bakin murhu ta ajiye ludayi ta ce ita ma alkamarta ta iri tana kan rufin ɗaki tana bushewa, gobe za ta kai niƙa ta yi wa yara alkubus. Ta fita ba ta yi wa kowa sallama ba.

Malam Sule ya ce kada a zuba a kanal, kada a bar wa awaki. Aka haƙa rami mai zurfi a bayan makaranta, aka binne duka har da kwalayen. Ana cikin mayar da ƙasa aka kira la'asar. Yara suka fara shigowa da fararen kaya.

Mun isa Kura rana ta yi sanyi. Larai tana zaune a kan dakali a waje, tana ganinmu ta miƙe, na gane Goggo ta rasu. Ta ce tun wajen kiran la'asar ne. Ma'aikatan sun yi iyakar ƙoƙarinsu, amma tsohuwa ce, kuma ta ci da cikin da babu komai. Na tambaya ko ta nemi ni. Larai ta ce tun da ta faɗi ba ta sake magana ba. Maganarta ta ƙarshe da safe ce, tana karkaɗe ɓurɓushi daga zaninta. Ta ce a gaya wa Rakiya hannunta ya faɗa, sai dai ta rage sukari.

Na yi shekara biyu ban taɓa tukunyar nan ba. Malama Hajara ce ta sake aikowa, walimar wasu ɗaliban, ta ce ba ta yarda da kek ɗin kowa ba sai na wadda ta zo ta tona wa kanta asiri. Daga nan sana'ar ta tashi, har ta kai ga ku.

Abin da na koya ba shi da yawa. Mai gashi ta san inda garinta ya fito, ta ga ƙwayar ko buhun da idonta, ko da uwarta ce ta kawo. Ta ci kafin kowa ya ci. Ranar da take azumi, ba ranar gashin sayarwa ba ce. In launi ko wari ya yi mata baƙo, ta tsaya ta tambaya, kada ta rufe shi da ƙamshi. In kuma ɓarna ta faru, ta faɗa da bakinta tun da sauran lokaci. Ban taɓa ganin laifin Goggo ba. Ta ba ni abin da take da shi ne, ta kuma wanke shi sau uku saboda ni. Ni ce na yi shekara huɗu a kicin, ni ya kamata in tambaya har sai ta faɗa.

Bayan sadakar bakwai, da muke kwashe kayan ɗakinta, na sami faifan a ƙarƙashin gado, basilla tana soke a inda ta tsaya. Saura zagaye uku ko huɗu da ɗaurin baki. Ita ta koya mini saƙa tun ina yarinya, kaba kuma ba ta wuyar samu. Yana cikin akwatina. Ban ƙarasa shi ba.