Iya Larai Ta Ƙi Karɓar Gaisuwa

Katanga ɗaya ce tsakanina da Iya Larai a Dutse, ita ma gajeruwa, ko tari ta yi sai na ji. Bahaushiya ce 'yar wajen Kiyawa, Kirista tun zamanin mahaifinta. Mijinta masinja ne da aka kawo lokacin sabuwar jiha. Da ya rasu, injin markaɗe ya bar mata da ɗa ɗaya, Istifanus, tela.

A farkon shekarar dubu biyu Istifanus ya tafi Kaduna sayo keken ɗinki, rikicin shari'a ya rutsa da shi. Babu shi babu gawarsa.

Da aka yi wata guda shiru, mu matan unguwa muka ɗauki mayafai muka shiga gaisuwa. Iya ta tare mu a bakin ƙofa.

"Wa ya mutu?" in ji ta. "In markaɗe kuka kawo, ku ajiye."

Muka koma gida da gaisuwarmu.

Shekara uku tana azumi duk Laraba. Matan zumuntar cocinsu suna zuwa da tulun kiɗansu su yi ta waƙa, tun suna su goma sha biyu har suka koma uku. Wata cikinsu ma ta ce mata ƙila akwai zunubin da ba ta faɗa ba. Ranar injin bai tashi ba.

Ni kuwa bakina ba ya hutawa. Ta saman katanga nake ce mata, "Iya, azumin nan naki ya ninka namu, sai yaushe sallar?"

"Maijidda, ranar da aka raba kunya kina kasuwar Shuwarin," in ji ta. Wani lokaci ta yi dariya, wani lokaci ta shige ɗaki in ji dama ban faɗa ba.

Wadda muka manta da ita ita ce Zinariya, matar Istifanus, wata bakwai da aure ya ɓace. Ita ba matar aure ba, ba bazawara ba. Iyayenta sun aiko har sau biyu a sallame ta ta koma gida, fasto ya ce sai uwar miji ta yarda an yi zaman makoki. Wata safiya Iya ta tarar da ita tana wanki, ta tsaya tana kallon yadda zobe ke yawo a yatsarta.

Da hantsi Iya ta leƙo ta katanga. "Aro mini tabarmi huɗu."

Na miƙa mata. Kwana uku muka yi zaman makoki, mu da 'yan coci, kowa da irin addu'arsa.

Ran Lahadi na gan ta ta ɗaura zanen zumunta, Littafi a hammata.

"Iya, har yanzu za ki coci?"

"Bai amsa mini addu'ata ba, Maijidda, kuma ban huce ba. Amma in na daina zuwa, wa zan riƙa tambaya ina ɗana?"

Ta ja ƙyaure, ta ce in an kawo markaɗe in ce sai ta dawo.