Jan Layi a Rajistar Aji Uku

Shekara ashirin da tara Malam ya yi yana riƙe da rajistar ƙaramar sakandaren gwamnati da ke bayan tashar mota. Ɗalibai suna kiransa Jan Biro, saboda biro biyu da ba sa rabuwa da aljihunsa: shuɗi na waɗanda suka zo, ja na masu fashi. Ofishinsa ɗan ɗaki ne a ƙarshen baranda, tebur ɗaya, kujera ɗaya da aka ɗaure ƙafarta da waya, sai kabad ɗin ƙarfe inda rajistoci suke jere shekara bisa shekara.

Wanda ya buɗe tsofaffin rajistocin zai ga yadda makarantar ta sauya. A gurbin sana'ar uba, a shekarun farko, akwai likita, akawu, direba, birkila, duk a shafi guda, 'ya'yansu kuma a benci guda. Aji ba ya wuce yara talatin da biyar, cikin ɗari kuwa tamanin da 'yan kai ke cin jarrabawar fita. Sai makarantun kuɗi suka shigo unguwar. Likita ya ɗauke nasa, akawu ya bi sahu, har malaman makarantar suka kwashe nasu 'ya'yan. Aka bar 'ya'yan 'yan dako, masu wanki da masu gadi. Aji ya haura saba'in, wasu a ƙasa, wasu a bakin taga. A shekarar da ta gabata goma sha tara cikin ɗari suka ci.

Sai ga takarda daga ma'aikatar ilimi: makarantar da ta sake kasa kai rabi, rufe ta za a yi. Shugaban makarantar, wanda a haife Malam ya haife shi, ya kira shi ofis ya tura ƙofa.

"Baba, yara nawa ne a aji uku?"

"Ɗari da arba'in da shida. Maza tamanin da ɗaya, mata sittin da biyar."

"Nawa za su ci?"

"To, in Allah ya yarda..."

"Baba, ba wa'azi na tambaye ka ba. Nawa?"

"Hamsin. Da ƙyar."

"Sittin za mu tura jarrabawa. Sauran ka rubuta sun bar makaranta."

"Ba su bari ba, ranka ya daɗe. Ga ihunsu nan kana ji."

"In an rufe ta fa? Yara ɗari biyar ka faɗa mini inda za su. Sauran, baɗi sai su zana."

Kwana uku Malam yana juya maganar. A gida matarsa ta ga yana tura kwano gefe, ta ce, "Kai da ko kaza ba ka iya yankawa, me suka ɗora maka haka?" Abin da ya fi tsoro shi ne a ce ya yi son kai, don haka ya ƙudura ba zai zaɓa da ido ba. Ya ɗauko makin zangon da ya wuce, ya jera sunayen daga sama zuwa ƙasa, ya ƙirga sittin, ya ɗora rula, ya ja layi. Sai da ya ɗage rular ya karanta sunan da ke ƙarƙashinta. 'Yar mai facin taya ce na bakin tasha. Rabin maki ne tsakaninta da na sittin. Shekara uku ba ta taɓa ganin jan biro a gaban sunanta ba, ko ran da ruwa ya cinye hanya ta zo da takalmi a hannu.

Zai iya ƙara ta. Ba wanda zai ƙirga. Amma na sittin da biyu ma rabin maki ne, haka na bayansa. Ya zauna ya rubuta "ya bar makaranta", "ta bar makaranta" sau tamanin da shida, bai goge ko harafi ɗaya ba.

Ranar da aka liƙa sunaye a allon sanarwa, mai faci ya zo da baƙin mai a hannu. Shi ma tsohon ɗalibin Malam ne. Ya durƙusa daga bakin ƙofa.

"Malam, barka da aiki. Na ce ko mantuwa aka yi? Sunan 'yarka babu."

"Ba mantuwa ba ce."

"To laifi ta yi? In laifi ne ga ni, a hukunta ni."

"Ba ta yi komai ba. Makinta ne bai kai ba. Baɗi."

Mai faci ya yi 'yar dariya. "Malam, ni ma ai daƙiƙi ne, ka sani, amma kun bar ni na shiga na faɗi da hannuna. Ita ko faɗuwar ba za a bar ta ta yi ba?"

Malam ya duƙar da kai kan tebur. Mutumin ya jira, ya jira, sannan ya ce, "A huta lafiya," ya tafi. Yarinyar ta ci gaba da zuwa har mako biyu. Kullum da safe Malam yana kiran suna yana tsallake nata, tana zaune a benci na biyu tana kallonsa. Daga nan ta daina zuwa.

Sakamako ya fito: arba'in da bakwai cikin sittin. Ma'aikata ta aiko da takardar yabo, aka sa ta a gilashi aka rataye. Cikin tamanin da shidan, tara ne suka dawo da hutu ya ƙare, kuma ba ta cikinsu.

Da lokacin rajistar jarrabawa ya sake zagayowa, shugaba bai ko aika a kira shi ba. Malam da kansa ya ƙwanƙwasa ƙofa, takarda a hannu.

"Ranka ya daɗe, bana nawa za mu tura?"